Littafin Baba Mai Sito

Ina so in ba matasan da aka fara damƙa wa jagoranci a wuraren aiki labarin kuskuren da na tafka a farkon shekarar 2023, lokacin ina manaja a wani kamfanin rarraba kayan masarufi kusa da kasuwar Singa a Kano. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka tsayar da 31 ga Janairu a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Da tsabar kuɗi ta yi wuya a gari, sai na ga dama ta samu ta cika burin da na jima da shi, wato mu daina rubutu a littafi, lissafin kaya da na bashi su koma kwamfuta, kuɗi kuma su riƙa shigowa ta banki kawai.

Har yau ina ganin manufar daidai ce, hanyar da na bi ce ta ɓata ta. Mu uku muka yanke magana, ni da maigida da saurayin da ya haɗa mana manhajar, sannan ranar Alhamis na manna sanarwa a ƙofar sito cewa daga Litinin babu sauran littafi. Ban tara ma'aikata ba, domin na ɗauka amfanin abin a fili yake.

Akwai dattijon da ya haura shekara 20 yana riƙe da siton, kowa Baba yake ce masa. Littafinsa mai baƙin bango ne, gefunansa sun naɗe saboda yawan buɗawa, kuma a bakin kowane shafi yana da 'yan rubuce-rubuce da ajami waɗanda ban taɓa tsayawa na karanta ba. A nan yake ajiye abin da ba ya shiga rasit: wane sai bayan kasuwar Wudil ta Juma'a yake biya, wane ya yi gobara a ɗaga masa ƙafa, wane kada a ba shi fiye da buhu 10 ko da ya rantse. Manhajar kuwa na sa an tsara ta ne ta hana kaya ga duk wanda bashinsa ya wuce kwana 7. A mako na biyu ta hana wani Alhaji da ya fara ciniki da mu tun kafin a ɗauke ni aiki, yaron da ke sallamar masu saye ya gaya masa haka a gaban jama'a.

Sauran matsalolin suka biyo baya. Sabis ya riƙa ɗaukewa, a cire wa mutum kuɗi ba su iso mana ba, mota cike da sukari ta tsaya har magariba. 'Yan dako da suka saba karɓar haƙƙinsu a hannu kullum, da yawansu ba su da asusun banki. A bakin mai shayi na ji cewa ma'aikata sun yi imani kwamfutar ta zo ne don a rage su.

Da na gano Baba yana ci gaba da rubutu a ɓoye, sai na ɗauke shi a matsayin taurin kai, na ba shi takardar gargaɗi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce: "Yallaɓai, ni ba na'ura nake ƙi ba. Da ka tambaye ni, da na gaya maka abin da littafin nan yake ɗauke da shi." Wannan takarda ita ce abin da na fi nadama a duk shekarun aikina.

Saboda haka, ƙannena, idan za ku kawo sauyi, ku fara zama da wanda ya fi daɗewa a kan tsohon tsarin, ku tambaye shi aikin da tsarin yake yi wanda ba a rubuta a ko'ina ba. Ku faɗa wa mutane da bakinku abin da zai sami aikinsu da albashinsu, domin idan kuka yi shiru jita-jita ce za ta ba su amsa. Kada kuma ku janye tsoho sai sabo ya zauna da gindinsa.

Haka muka koma muka yi. Na janye takardar a gaban waɗanda suka ga an ba da ita, maigida ya tara ma'aikata ya tabbatar musu ba za a sallami kowa ba. Littafi da kwamfuta suka yi tafiya tare wata 3, muka fara da ɓangaren sukari da fulawa kaɗai, Baba yana karanto ajaminsa, saurayin yana shigarwa. Alhajin nan kuwa na je har shagonsa sau biyu na ba shi haƙuri, ya karɓe ni da mutunci, amma a wani wurin yake sarin kayansa har yanzu.