Laraba: yadda Auyo ta koma Auy

Yau tun hantsi ina ofishin ƙungiyar manoman shinkafa da nake riƙe wa bayanai. Shekaru da dama rajistarsu tana cikin Microsoft Access, manhajar ajiyar bayanai, a wata tsohuwar kwamfuta da sai an lallaɓa ta take tashi. Yanzu shugabanni sun yarda a mayar da komai wata manhajar ajiyar bayanai mai suna PostgreSQL a ofis, sannan yaran da ke zagaya gonaki su riƙe kwafi a waya cikin wata ƙarama irinta mai suna SQLite, tunda in ka nausa fadamun kwarin Haɗejiya sabis sai an yi sa'a. Kwashe bayanan ya wuce lafiya tun makon jiya. Abin da ya ci mini yini shi ne umarnan da ke neman harafi ko kalma a cikin rubutu.

Wanda ya fara rajistar, Allah ya saka masa, ya cusa abu uku a gida ɗaya na jadawalin: ƙaramar hukuma, ƙauye da lambar gona, ya raba su da 'yar sandar nan mai karkata. Misali Auyo/Gamsarka/014. Duk rahoton da ake fitarwa sai an nemo inda sandar take, a yanka. A Access umarnin InStr ne ke yin wannan: ka ba shi rubutun, ka ba shi abin nema, ya faɗa maka a harafi na nawa ya same shi. In bai samu ba ya ce 0.

PostgreSQL ba shi da InStr. Yana da strpos, wanda jerinsa ɗaya ne da na Access, rubutu sannan abin nema, yana kuma da position, wanda ya juya jerin. A cikin sauran manhajojin irin wannan, SQL Server ma CHARINDEX ɗinsa abin nema yake sawa a gaba. MySQL ya haɗa biyun, INSTR ta wannan fuska, LOCATE ta waccan. In mutum ya juya su ba wanda zai yi masa tsawa, domin duka biyun rubutu ne. Kwamfuta za ta nemi Auyo/Gamsarka/014 a cikin sanda ɗaya tilo, ta rasa, ta ce 0, ta wuce abinta.

Sandar farko ba wuya. Ta biyun ce ke da ɗan aiki, saboda InStr na Access yana karɓar wurin da za a fara nema, a matsayin abu na farko ma, shi kuwa strpos ba ya karɓa. Amma PostgreSQL yana da split_part, ka ce masa ba ni yanki na 2, shike nan. SQLite ba shi da wannan. Shi kansa instr sai a 2012 aka saka masa, a fitowa ta 3.7.15, kuma abu biyu kawai yake karɓa. Dole a yanke gaban rubutun da substr, a sake nema a ragowar. Masu Oracle suna da gata a nan, INSTR ɗinsu ana ce masa nemo ta biyu ko ta uku kai tsaye, har ya kan nemo daga baya in an ba shi lamba mai ɗebewa.

Bayan azahar na fitar da jerin ƙananan hukumomi don gwaji, sai ga wata wai ita Auy, ga Kafin Haus. Malam sakatare yana tsaye a bayana, ya cire tabarau ya mayar.

"Injiniya, wannan kuma wace gwamnati ce ta ƙirƙiro su?"

Na ce, "Malam, ku ɗan ba ni minti biyar."

Ga abin da ya faru. Akwai manoman da aka rubuta musu ƙaramar hukuma kawai, babu ƙauye, babu sanda. Tsohon umarnin yana cewa a ɗauko haruffan hagu har zuwa wurin sanda a cire 1. In babu sanda, 0 a cire 1 ya zama -1. Access ba ya yarda da wannan, kuskure yake nunawa a gidan, kowa ya gani. Shi kuwa left na PostgreSQL in ka ba shi -1, a wurinsa ma'anarta a ba ka komai ban da harafin ƙarshe. A rubuce yake a littafinsu, ba ɓoyewa suka yi ba. Na gwada irinsa a SQLite da substr, shi kuma ya dawo mini da gida wayam. Lissafi ɗaya, amsa uku. Ni dai na fi son wanda zai tsaya ya ƙi aiki, don wanda aka yanke wa harafi ba zai fito a jerin Auyo ba, kuma da wannan jerin ake rabon taki. Mutum ya biya kuɗin ƙungiya, ya zo da amalanke, a ce masa babu sunansa.

Na sa sharaɗi: in babu sanda, a bar rubutun yadda yake, a kuma ware layin gefe. Malam sakatare ya san yawancinsu da ka, har da sunan unguwarsu, ya ce zai cike.

Sai la'asar, sai batun ƙugiya, wanda shi ne ya fi damuna. Access bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba wajen nema. strpos ya damu, LIKE na PostgreSQL ma haka, sai an yi amfani da ILIKE. Kuma tauraron da Access ke sawa a madadin ko waɗanne haruffa, a can alamar % ce, in ka bar tauraro zai nemi tauraron kansa ya dawo hannu rabbana. A SQLite, LIKE yana daidaita babba da ƙarami, amma iyakarsa baƙaƙen Turanci 26. Ɗ da ɗ a wurinsa ba su san juna ba, haka Ƙ da ƙ, Ɓ da ɓ. Umarnin lower, mai ƙanƙantar da baƙaƙe, ma ba ya taɓa su. Yaro a gona zai buga ɗanladi a waya, wayar ta ce babu, alhali mutumin yana tsaye gabansa da fartanya.

A rajistar kuma suna ɗaya ya zo da fuska huɗu: Ɗanladi, Danladi, 'Danladi, D'anladi, gwargwadon wanda ya zauna kan kwamfutar a shekarar. Wani abokin aiki da na kira a Kano ya ce in share ƙugiyoyin duka in huta. Ban yarda ba. Sunan mutum ne, kuma shi za a buga a katinsa. Abin da na yi shi ne ƙara gida na biyu da ba ya fitowa fili, inda replace ke mayar da Ɗ da ɗ su zama d, Ƙ da ƙ su zama k, a cire waƙafin sama, a ƙanƙantar da sauran. A nan ake nema, a nuna na asalin. Abin da yaro ya buga shi ma ta nan zai bi kafin a nema. Illarsa ita ce nema zai riƙa kawo sunaye fiye da wanda ake so, to gara a ga biyu a zaɓa.

Waƙafin saman nan yana da nasa rikicin. Sa'adu, Ya'u, Rabi'u, duk suna ɗauke da alamar da SQL, yaren da ake ba waɗannan manhajoji umarni da shi, ke rufe rubutu da ita, don haka na hana manhajar wayar liƙa suna kai tsaye cikin umarni, sai dai ta miƙa shi daban.

Hadari ya taso wajen biyar da rabi, batirin sola ya fara kuka, na adana aikin na kashe. Gwajin da ya rage shi ne in ɗauki sunaye iri ɗaya in nema a tsohuwar kwamfuta, a sabuwa, da waya, in ga ko adadin zai zo daidai ƙauye bayan ƙauye. Malam sakatare ya ce sai an tashi daga ɗaurin aure gobe zai kawo littafin rajista na hannu mu gwada da shi. Kwanan wata ban ma taɓa su ba tukuna, kuma na hango wasu an fara da wata, wasu da rana.