Godiya ga duk wanda ya tsaya mana ranar da Bidi ya mutu

Assalamu alaikum warahmatullah.

'Yan uwa da abokan arziki na Garwa da kewaye, da yawanku kun ji cewa Bidi, dokin gidanmu, ya mutu, kuma ba binne shi muka yi ba, ƙona shi muka yi. Tun ranar waya ba ta huta ba, wasu jaje suke yi, wasu kuma tambaya suke yi me ya kai Musulmi ga ƙona dokinsa. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na rubuta wannan, in yi godiya, in kuma faɗi yadda abin ya kasance.

Bargarsa tana gonarmu ta hanyar Pitowa, inda ƙasa ta gangara zuwa fadamar Binuwai. Da yamma yaron barga ya kira ni ya ce Bidi ya ƙi taɓa dusa, gumi na zubo masa, yana ta kwanciya yana tashi. Na iske wuyansa da ƙirjinsa sun kumbura, in ka ɗora hannu sai ka ji zafi rau. Muka ɗauka ciwon ciki ne irin na dawaki, muka ce gari ya waye a nemo likita. Kafin kiran assalatu rai ya yi halinsa. Da hantsi ya fito muka ga baƙin jini na ɗiga daga hancinsa, ya ƙi daskarewa, cikinsa ya kumbura da wuri, ƙafafunsa kuma ba su sandare ba.

Godiyata ta farko tana wajen dattijon makiyayin da rugarsa ke maƙwabtaka da mu. Lokacin da ya iso, mutane sun riga sun taru, wani ya zaro wuƙa zai feɗe fata, wani kuma yana roƙon a bar masa wutsiya ya yi izga. Baffa ya duƙa ya dubi hancin dokin, ya miƙe, ya gitta sandarsa ya ce, "Alhaji, kada wuƙa ta taɓa shi. Wannan ciwon saifa ne, na taɓa ganinsa a garke." Ya kori yara, ya sa aka lulluɓe shi da tamfol aka danne gefuna da duwatsu saboda ƙuda da karnuka da ungulu. Baffa, Allah ya ja da ranka, ya raya maka zuri'a, ya albarkaci garkenka. Ban san rayuka nawa sandar nan taka ta tare ba.

Sai likitan dabbobi, wanda ya bar abin da yake yi ya hau babur ya zo cikin laka. Ya sa safar hannu, ya ɗan tsaga jijiyar kunne ya shafa jini a gilashi, ya toshe hanci da dubura da auduga, ya aika da jinin ɗakin bincike na LANAVET da ke Bokle. Mu 'yan Garwa muna wuce wurin nan, yawancinmu ba mu san darajarsa ba, alhali tun 1983 aka kafa shi, kuma a nan ake haɗa alluran rigakafin dabbobi, har da na wannan ciwon. Abin da ya fi burge ni da likitan shi ne bai yi mana tsawa ba, zama ya yi a kan turmi ya yi mana bayani. Ya ce ƙwayar cutar, muddin tana cikin jikin da ba a buɗe ba, ruɓewar mushen tana kashe mafi yawanta. Amma da zarar ta sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri ta kwanta a ƙasa, rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta, tana iya yin shekaru gommai tana jira. Ambaliya ko ruwan farko kan tono ta ya tara ta a kwari, dabba ta zo tana kiwon gajeriyar ciyawa ta haɗiye ta da ƙasa. Mutum kuma yana ɗauka ta rauni a hannu wajen fiɗa, ya fito da gyambo mai baƙin tsakiya, ko ta cin naman, wanda shi ya fi saurin kisa.

Daga nan ya faɗi abin da ban so ji ba. Ya ce ana iya binnewa a rami mai zurfin mita 2, amma gonarmu fadama ce, ruwa yana kusa, kuma duk shekarar da Binuwai ya cika ko aka saki ruwan madatsar Lagdo sai ya shafe wurin. Ya ce abin da zai raba mu da cutar gaba ɗaya wuta ce.

Wallahi maganar ta yi mini nauyi. Marigayi mahaifina ne ya sayo Bidi yana ɗan duƙushi, a kansa na bi tawagar Lamiɗo hawan sallah shekara da shekaru, a kansa 'ya'yana suka koyi riƙe linzami. Dokin da in ya ji tafiyata daga bakin shinge sai ya yi haniniya, a ce in kunna masa wuta? Ga kuma abin da muka taso da shi, cewa ba mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta. Na kira malamin unguwarmu murya na rawa. Malam bai yi gaggawa ba, sai da ya nemi a ba likita wayar ya ji daga bakinsa. Sannan ya ce mini, "Ɗana, hanin nan a kan mai rai yake. Wannan ya riga ya mutu, ba ya jin komai, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ba cuta ba cutarwa. Kare maƙwabtanka wajibi ne a kanka." Allah ya gafarta Malam, ka sauke mini dutse daga ƙirji. Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani.

Aikin kansa ba ƙarami ba ne, wanda bai gani ba ba zai gane ba. Likita ya hana a ja shi ko taku ɗaya, don kada jini ya bi ƙasa, saboda haka a inda ya faɗi aka yi komai. Samarin unguwa suka haƙa dogayen ramuka a gicciye don iska ta riƙa shiga ta ƙasa, aka jera manyan kututturan darbejiya a kai, aka mirgina shi da sanduna, sannan aka tula itace aka zuba gazuwal. Duk abin da ya taɓa shi sai da ya bi shi: harawar da ya bari, kashinsa, ragamarsa, dabaibayinsa, har ƙasar da jini ya jiƙa aka kankare aka zuba. Ragamar nan ni na jefa ta da hannuna, kuma a nan ne hawaye suka ƙwace mini. Wuta ta kwana ta wuni tana ci, ana ƙara itace, don likita ya ce rabin ƙuna bai da amfani, sai ya zama farar toka.

Samarin nan da suka raba dare suna gadi, ba wanda ya karɓi ko dala a hannuna, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku mata na gari. Iyayenmu mata masu sayar da itace da suka ce in ɗiba in biya daga baya, da mai akori-kurar da ya yi ta jigila bai karɓi kuɗin mota ba, da jauro da ya zagaya gida-gida yana ba mutane haƙuri, na gode. Mutanen gidajen da iska ta kai wa hayaƙi da ƙauri suka rufe ƙofa suka daure, ba wanda ya zo ya gaya mini maganar banza, ku yafe mana. Uwargida da ƙannena da suka yi ta aiko da kunu da abinci, Allah ya bar zumunci.

Yaron barga da waɗanda suka taɓa dokin a daren sun je asibiti, an duba su an ba su magani, kuma alhamdulillahi duk lafiyarsu ƙalau. Ma'aikatan sun tabbatar mana ba a ɗaukar ciwon ta gaisawa ko zama da mutum, don haka don Allah a daina gudun yaron nan. Shi ne ya kwana tsaye a kan Bidi, kuma har yanzu bai dawo daidai ba.

Akwai wata godiyar da ta fi sauran nauyi a wurina. Da sakamako ya fito, likita ya ce kada dabba ta fita daga yankin har kusan mako uku, kuma a yi wa kowace allura. Maƙwabtana masu shanu da tumaki sun riga sun ware na kasuwar Adumri ta Alhamis, wasu na Pitowa ta Lahadi, kuɗin taki da na makarantar yara suke nema. Suka haƙura suka mayar da dabbobinsu turke saboda dokin da ba nasu ba. Na san yadda abin ke tafiya a wasu wurare: dabba na fara layi sai a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, a kai naman kasuwa da araha. Talauci ne ke jawo haka, na sani, amma wanda ya saya ya kai wa 'ya'yansa bai san abin da ya ɗauko ba. Ku ba ku yi haka ba. Allah ya mayar muku da ninkin abin da kuka rasa.

Masu tambaya game da allurar, sau ɗaya ake yin ta a shekara, an fi so kafin ruwa ya sauka, kuma likita ya ja kunnenmu kada a haɗa ta da allurar kashe ƙwayoyin cuta a lokaci guda, don tana ɓata ta. Wurin da aka yi ƙunar mun kewaye shi da ƙaya, a taimaka a hana yara da awaki shiga.

Waɗanda suka ara mana shebur da diga da baro, an wanke su da maganin da likita ya bayar, suna zaure, kowa na iya aikowa ya ɗauki nasa. Masu itace kuma, in Allah ya kai mu Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zan zo da kaina in biya.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Wassalam.