Ni da kyamarata cikin lungunan Birnin Shehu

Duk wanda ya ce maka zai fito ɗaukar hoto a Sakkwato da sha biyun rana cikin watan Afrilu, to ko dai baƙo ne ko kuma ya gaji da wayarshi. Zafi na haura digiri 40 ba wasa, waya ta ɗau zafi ta ƙi buɗe kyamara sai ta huce, rana kuma tana tsaye bisa kai, fuska ta yi duhu ƙarƙashin hula, farar riga ta ƙone a hoto ko aikin wuya ba ka gani. Ni dai tun da na fara wanga yawo da 'yar kyamarata ta hannu lokaci biyu na riƙe, bayan asuba zuwa hantsi, sai bayan la'asar zuwa dab da magariba. Tsakaninsu kuwa inuwa da fura.

Hunturu ya fi daɗin aiki. Hazon Disamba da Janairu na tace hasken rana, fuskokin mutane su fito lumui, amma fa kar ka ce za ka hango hasumiyar Masallacin Sultan Bello daga nesa, fari fat za ka samu. Kuma kar ka kuskura ka kwance gilashin kyamara a waje, ƙura ta shiga ciki sai ka ga ɗigo-ɗigo a kowane hoto.

To amma haske ba shi ne babban abu ba, mutane ne. Cikin Tsohuwar Kasuwa kana ɗaga kyamara kowa ya ankara, wani ya kau da kai, wani ya ce a ina za a sa mu, wani kuma kai tsaye ya tambaye ka ko gwamnati ta aiko ka rubuta sunan masu tallafi. Kuma ban ga laifinsu ba wallahi, da irin halin tsaron da ake ciki a gabashin jihar nan da maganar infoma da ta cika gari, wa zai yarda baƙuwar fuska ta tsaya tana ɗaukar ƙofar shagonshi? Shi ya sa yanzu kyamara cikin jaka take in na shiga wuri, sai na yi sallama na zauna an gaisa an tambayi gida an tambayi kasuwa, in akwai abin saye na saya ko goro ne, sannan maganar hoto ta biyo baya.

Akwai wani dattijo baduku da na daɗe ina zama rumfarshi. Ranar farko da na ce Baba ina son in ɗauke ka hoto kana aiki, bai ko ɗago ba, ya ce "Kai ɗan wace shiyya na?" Na faɗa mishi. Ya ce "To mi za ka yi da hoton tsoho?" Na ce Baba aikin hannunka nake so jikoki su gani. Ya yi shiru yana ta huda fata da basilla, can ya ce "Awo, ɗauki hannun, bar fuskar." Hannun na ɗauka kuwa, kuma har yau ban da hoton da ya kai shi: yatsu sun rine ja saboda karan dafi, farcen babban yatsa ya tsage, zaren fata na tsakanin haƙoranshi ta gefen hoton, ga tulin fatar da aka jeme da bagaruwa a bayanshi. Fatar nan ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda ayari ke ketare hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko, alhali daga nan ta fito. Da na wanko hoton na kai mishi ya jujjuya shi ya ce "Ashe haka hannuna ya tsuhwa", ya soke shi jikin rumfa. Daga ranar makwabtanshi da kansu ke kirana, mai hoto taho ka ɗauke mu.

Wanko hoto ka mayar wa mai shi ya fi ka ba shi kuɗi nesa ba kusa ba. In ka fara raba naira ɗari biyu-biyu, gobe duk wanda ya zo bayanka sai ya biya, yara kuma su yanyame ka ba ka ƙara samun hoto na gaskiya sai na tsayuwa ƙiƙam ana ɗaga yatsu biyu. Mata kuwa ban ɗaukar su sai da izini ƙarara, ko mai tallar fura ce sai na ce Inna kin yarda, in ta ce a'a ƙwaryar da ludayin sun ishe ni.

Kara kuma wata duniya ce, shanu da raƙuma da tumaki da dillalai ana ta tafa hannu ana ciniki. Can ka je da takalmin da ba ka tausayi, ka tsaya gefen da rana ke bayan dabbobi, ƙurar da suke tayarwa ita ke yi maka ado.

Abin da ke ci mini rai shi ne gine-gine. Garin nan Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo nan a 1815 ya rasu 1817, amma in ka fita neman ganuwa yau sai dai a nuna maka inda ta bi. Sunayen ƙofofi na nan a bakin kowa, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, ɗan kabu-kabu zai kai ka ko wacce ba tare da tambaya ba, amma yaro nawa ya san ta ina ganuwar ta haɗa su? Cikin lungunan wajen Kanwuri, shiyyar fadar Sarkin Musulmi, da kewayen Hubbare, inda kabarin Shehu yake, har yanzu kana cin karo da tsohon zaure na tubali mai zankwaye, in an yi maka izini ka shiga ka ɗaga kai ka ga azara an jera ta da kyau, wani wurin har da bakan gizo, ciki sanyi ƙalau ba fanka ba komai. Ka dawo bayan damina ɗaya ka tarar an rushe an ɗora bulo da kwano. Ban zargin masu gida fa, yaɓe duk shekara kuɗi ne, magina na gargajiya sun yi ƙaranci, siminti kuwa ga shi nan Kalambaina ana yi. Amma dai ina ɗauka kafin a rushe. Ginin ƙasa da hasken la'asar yake so, ya bugo shi ta gefe sai shafen hannun magini da zanen dagi su fito raɗau, in ka ɗauka rana na fuskantar shi sai ya zama bango kawai. Kuma na daina kauce wa wayoyin lantarki da tankin ruwa da dish ɗin da ke bisa soro, da can ina ta laɓe-laɓe don hoto ya yi kama da na zamanin da, yanzu ina barin su, ai haka garin yake.

Hubbare ba wurin yawon buɗe ido ba ne kawai, mutane ziyara suke zuwa daga nesa har da Nijar, ga Shehu ga 'yarshi Nana Asma'u duk a nan suke kwance. Ka cire takalmi, ka tambayi masu kula da wurin, inda suka ce kar ka ɗauka ka mayar da kyamara jaka. Ƙofar fadar Sarkin Musulmi ma ka fara gaida dogarai. Shingen jami'an tsaro da bariki kuwa ko da wasa.

Sai rubutu. Duk hoton da na ɗauka ina sa mishi sunan shiyya da kwanan wata da abin da dattawan wurin suka faɗa mini, don hoto ba suna bayan shekara goma kai kanka ba ka tuna ina ne. Bayan gobarar da ta ci Babbar Kasuwa a Janairun 2021 wani ɗan kasuwa ya neme ni ta WhatsApp ko ina da hoton layinsu na da, na duba na samu saboda na rubuta sunan layin. Na taɓa shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu na ga yadda ake adana tsoffin takardu, tun daga nan nake ajiye nawa wuri biyu, kwamfuta da wani memori daban da ke gidan yayata.

Bayan sallah in Allah ya kai mu Wurno na nufa, inda kabarin Bello yake, ina neman wanda ya san dattawan garin ya yi mini jagora.