Gwaggo da 'Ya'yan Bennet Biyar

Da muka shiga aji huɗu a sashen Turanci, aka ce kowa ya kawo batun da zai rubuta kundin kammala digiri a kai. Ni ban sha wahalar zaɓe ba, domin na daɗe da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun ina aji biyu na karanta Pride and Prejudice na Jane Austen, na sake karanta shi a hutu ba don jarrabawa ba, kuma tun daga lokacin nake jin zafin masu ɗebo mutanen littafin suna ƙirƙira musu sabon labari. Wannan ya ɗora daga inda ta tsaya, waccan ta sauya wa labarin gari da zamani, a 2009 ma wani ya cusa gawarwaki masu yawo a cikinsa, littafin ya yi kasuwa. A wurina wannan cin gumin mamaci ne.

Kuma ina da hujja. Matar nan ta rasu a Winchester ranar 18 ga Yuli 1817 tana da shekara 41. Littattafai huɗu ta ga fitowarsu da idonta, babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunanta. Na farkon, a 1811, cewa kawai aka yi wata mace ce ta rubuta. Pride and Prejudice kuwa ta sayar da haƙƙinsa baki ɗaya a kan fam 110. Yau hotonta ne a jikin takardar fam 10 ta Ingila, mutane kuma na gina gidaje da sunan Darcy, attajirin da jarumar littafin ta aura. Na zuba duk wannan a babi na ɗaya da zafina, na kai wa malamin da ke duba aikina.

Bayan mako biyu ya kira ni ofis. Na ɗauka zan tarar da takardun sun yi ja wur da biro, sai na ga layi ɗaya tak ya rubuta a ƙasan shafin ƙarshe. Ya turo mini, ya ce in karanta da ƙarfi. Abin da ya rubuta shi ne: "Guda nawa kika karanta daga farko har ƙarshe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na duba sharhin da aka yi a kansu."

Ya ce, "Malama, alƙali ba ya yanke hukunci da jita-jita. Je ki karanta huɗu, ki dawo. In har yanzu ɓarayi ne, ni zan taya ki kama su." Har na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa in tuna Magana Jari Ce da muka taso da shi. Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya sa musu riga da hula, har yaro ba ya shakkar cewa a ƙasar Hausa aka haife su. "Shi ma za ki sa shi a layi?" Ban amsa ba. Ya jawo durowa ya ba ni aron Longbourn na Jo Baker, wanda ya fito a 2013.

Wannan littafin ne ya fara sassauta ni. A ainihin labarin akwai wurin da kowane mai karatu ke so: Elizabeth Bennet, jarumar littafin, ta ji yayarta Jane na kwance ba lafiya a Netherfield, gidan wani attajirin maƙwabcinsu mai suna Bingley, ta taka mil uku a ƙasa bayan ruwan sama, ta iso gefen tufafinta duk taɓo, matan gidan suna yi mata kallon raini. Sau biyu na karanta wurin ina jinjina mata, ban taɓa tambayar kaina wa zai wanke kayan ba. Jo Baker ta buɗe nata littafin ne da ranar wanki, da wata 'yar aiki mai suna Sarah da ta tashi da asuba cikin sanyi tana ɗibar ruwa, hannuwanta duk sun tsattsage. Gidan dai shi ne, ranakun su ne, baƙin da ke zuwa su ne, amma daga madafa ake kallonsu. Sojojin da ƙannen Elizabeth ke rawar kai a kansu, a nan an nuna yaƙin da ake tura irinsu. Dukiyar su Bingley da Austen ta ce ta kasuwanci ce ta yi shiru, Baker ta bi sawunta har gonakin rake da bayi.

Da na gama, abin da na yi ya ba ni mamaki: na koma na ɗauko na Austen, ina farautar 'yan aiki a cikinsa. Suna nan kuwa, a gefe-gefe, ana kiran Hill ta zo, ana aika wani da wasiƙa, uwar gida tana bugun ƙirji cewa 'ya'yanta ba sa shiga madafa. Littafin da na ɗauka na haddace ya zama yana da ɗakunan da ban taɓa leƙawa ba.

Ba duka ne haka ba, kuma ban janye wannan a kundina ba. Na biyu da na karanta, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, ci gaba ne bayan aure: Darcy ya yi fushi, Elizabeth ta yi kuka, an shirya, an sake. Shafi sama da ɗari uku babu abin da ke kan gungume, babu wanda zai rasa komai. Na rufe shi na san ba shi da rai, amma na kasa faɗin abin da aka cire masa. Na yi kwanaki ina juya tambayar. Amsar ba a laburare na same ta ba.

Hutu ya zo na tafi gida. Wani dare an ɗauke wuta, muna zaune a tabarma a tsakar gida, Gwaggo, yayar mahaifina, tana ɓarar gyaɗa a faranti. Ba ta yi boko ba, amma ba a kai ta sauraron labari, ta rediyo ne ko na littattafan Hausa da yara ke karanta mata. Ta ga ina haska littafi da fitilar waya, ta ce, "'Yar nan, me ke cikin takardar nan da ya hana ki hira?" Sai na fara ba ta da Hausa. Na ce wani mutum ne a ƙauyen Ingila, yana da mata da 'ya'ya mata biyar, babu namiji, gonakinsa na kawo masa fam 2,000 a shekara. Amma an ɗaure gidan da gonakin tun daga kakanni cewa namiji kaɗai zai gada, saboda haka ranar da ya mutu wani ɗan'uwansa na nesa, Collins, shi zai kwashe komai.

Gwaggo ta ajiye gyaɗar. "Komai? 'Ya'yan cikinsa fa?"

Na ce abin da kowacce za ta samu ta wajen uwa ne, kamar fam 1,000, shi ma sai bayan ran uwar.

"Ita matar ko tumunin takaba babu?"

Na ce a gidan dai babu.

Ta yi salati. Daga nan labarin ya fita daga hannuna. Ni a aji an koya mini in ɗauki uwar yaran a matsayin abin dariya, mace mai surutu da ba ta da zance sai aurar da 'ya'ya. Gwaggo ta ce, "Wace dariya? Ita kaɗai ce mai hankali a gidan. Shi uban yana ɗaki da littafi yana yi wa mutane ba'a, bai tara musu ko sisi ba. In ya faɗi ya mutu, wa zai kwana a waje?" Da muka zo kan Charlotte, ƙawar Elizabeth mai shekara 27 da ta amince ta auri Collins kwana kaɗan bayan Elizabeth ta ƙi shi, na ce ni wannan wurin yana ɓata mini rai. Gwaggo ta ce, "Ke kina da digiri a gaba. Ita me take da shi? Ɗakin kanta ta nema, kada ta tsufa a gidan ƙannenta ana yi mata gori." Ta faɗi haka a hankali, kuma na san dalili: ita ma ta yi zawarci mai tsawo a gidan wani.

A daren na gane abin da littafin nan na biyu ya rasa. Ya ɗauki soyayyar ya bar tsoron. A wurin Austen kowace gaisuwa, kowace rawa, kowace ziyara, akwai lissafi a ƙarƙashinta, kuma kusan duk wanda ya shigo labarin sai an gaya maka abin da yake samu: Bingley dubu huɗu ko biyar a shekara, Darcy dubu goma. Shi ya sa ƙin da Elizabeth ta yi wa Collins, sannan ta yi wa Darcy a karon farko, yake da nauyi. Yarinya ce da ba ta da tudun dafawa take cewa a'a. Ita kanta marubuciyar ta san wannan ciwon. A Disamba 1802 wani mai gadon dukiya, Harris Bigg-Wither, ya nemi aurenta, ta amsa da dare, gari na wayewa ta janye. Mahaifinta ya rasu a 1805, ita da mahaifiyarta da yayarta Cassandra suka koma dogaro da 'yan'uwanta maza, suna ƙaura daga nan zuwa can, sai a 1809 wanta Edward ya ba su wani ɗan gida a Chawton. A can ta gyara tsofaffin rubuce-rubucenta ta kuma rubuta sababbi.

Da wannan ma'aunin na koma kan sauran, sai aikin ya warware. Na ga dalilin da ya sa labarin ke kama ƙasa da kyau in an dasa shi inda aure har yanzu sha'anin dangi ne. Soniah Kamal ta kai shi Pakistan a Unmarriageable, inda Elizabeth ta zama malamar adabin Turanci a makarantar 'yan mata, ɗalibanta na barin aji ana yi musu aure. Uzma Jalaluddin ta kai shi cikin Musulmin Toronto a Ayesha at Last, Darcy ya zama saurayi mai gemu da doguwar riga wanda ake yanke wa hukunci tun kafin ya buɗe baki. Ko fim ɗin Bride and Prejudice na 2004, da waƙoƙinsa da raye-rayensa a Amritsar, bai yar da uwar da hankalinta ya tashi ba. Waɗannan marubutan ba aron suna suka yi don kasuwa ba. Sun karanta littafin ne suka ga gidansu a ciki, kamar yadda Gwaggo ta gani.

Abin kuma ba na yau ba ne. Tun 1913 wata Sybil Brinton ta fitar da littafin da ya tara mutanen littattafan Austen shida wuri ɗaya, ta aurar da waɗanda aka bari ba aure. Shekara ɗari bayan fitowar Pride and Prejudice ke nan, kuma an ƙara wata ɗarin ba a daina ba.

Na sauya batun kundin gaba ɗaya. Malam ya karanta sabon babin, ya ce in cire rabin sifofin da na jera, in bar Gwaggo a gabatarwa. Na ce ai ba masaniya ba ce, ba a buga ta a ko'ina ba. Ya ce in rubuta ranar da muka yi hirar da wurin, ya isa.

Akwai abin da ban sa a kundin ba. A daren da na kai mata ƙarshen labarin, na ce Jane ta auri Bingley, Elizabeth ta auri Darcy, Lydia na can da mijinta mai bashi, Kitty tana yawan zama wurin yayyenta. Gwaggo ta ƙirga da yatsu ta ce, "Huɗu. Ina ta tsakiyar, mai karatun nan da ba a yaba kyanta?" Na ce Mary ta zauna gida tare da uwarta. "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan abin da littafin ya ce. Ranta bai so ba.

Daga baya, a cikin binciken, na ci karo da abin da ɗan wan Austen ya rubuta a tarihinta: ashe ita ma takan ba 'yan gidansu labarin abin da ya faru da mutanenta bayan an rufe littafi. Ta gaya musu Kitty ta auri wani malamin coci kusa da Pemberley, gidan Darcy, Mary kuma ta auri ɗaya daga cikin akawun mijin 'yar'uwar mahaifiyarta. Na kuma samu cewa a 2020 Janice Hadlow ta rubuta littafi sukutum a kan Mary. Na yi ɗokin komawa gida in kai wa Gwaggo albishir.

Na same ta tana tankaɗe. Na ce, "Gwaggo, an samu labarin Mary. Akawu ta aura, daga bakin mai littafin."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "A'a. Ba haka aka yi ba."

Na ce ita fa ta ƙirƙire ta.

Ta ce, "Ta haife ta dai, ba ta zauna da ita ba. Yarinyar da ta sha karatu haka, makaranta za ta buɗe a zauren gidan, tana koya wa 'ya'yan maƙwabta. In Collins ya zo karɓar gida, ya tarar da yara arba'in a ciki da iyayensu a ƙofa, sai in ga ta inda zai fara." Ta buga rariyar a gefen ƙwarya, ta ce in ɗauko biro, akwai saura.