Asabar ɗin da ta riske ni a gindin Jabal Musa

Abin da ke min ciwo har yau shi ne kuskuren ba na rashin sani ba ne. Tun ina makarantar allo na san dare ke riga rana, daren Juma'a da magaribar Alhamis yake shiga. Amma da aka haɗa ni da wasu Yahudawa goma sha ɗaya daga Manchester in raka su Jabal Musa, wato Dutsen Sinai a Masar, lokacin ina karatu a Alƙahira ina ɗan taɓa aikin tafinta, sai wannan ilimin ya gudu ya bar ni.

Tsarin farko hawan daren Alhamis ne, wayewar Juma'a. Jirginsu ya yi latti zuwa Sharm el-Sheikh, ba mu isa garin Sant Katrin da ke gindin dutsen ba sai hantsin Juma'a. Ni kuwa don a ce na iya aiki, ban tambayi kowa ba na juya komai ta waya: a hau bayan azahar, a ga faɗuwar rana a ƙoli, a sauko da tocila, direba ya kwashe mu ƙarfe goma na dare. Na biya ɗan jagora daga Larabawan Jabaliyya mazauna yankin, na biya raƙuma biyu, na soke ɗakunan kwana. A lissafina Asabar, ranar hutun ibadar Yahudawa, sai sha biyun dare take shiga.

Malaminsu, dattijo mai ciwon gwiwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a nan?” Nan take na gane. Minti 18 kafin faɗuwar ranar Juma'a suke kunna kyandir na shigar Asabar, daga nan babu kunna tocila, babu hawa mota ko raƙumi, babu taɓa kuɗi, sai taurari uku sun fito daren gobe. Da ya yi min faɗa ma da ya fi min sauƙi. Kuɗin direba na kwana biyu da na raƙuma daga aljihuna suka fita, ɗakunan kuma sai da na yi ta roƙo kafin a mayar mana.

Mun tashi ƙarfe ɗaya na dare, wayewar Lahadi. Dutsen mita 2,285 ne, sanyin Fabrairu kuwa ya sa hunturun Kano ya zama wasan yara. Hanyar raƙuma muka bi, muka bar matakala 3,750 da sufayen Kirista suka jera. Sai dai raƙumi ba ya kai mutum ƙoli, akwai 750 na ƙarshe cikin matakalan nan da kowa zai taka da ƙafarsa. A nan aka tsaya cak. Sallarsu ta jam'i ba ta tsayuwa sai da maza goma, ɗaya ya riga ya zauna a rumfar mai shayi ya ce ya gaji, saboda haka dole dattijon ya kai. Mutum biyu suka riƙe shi, ni ina haska masa ƙafa, kowace matakala ashirin a huta.

A ƙoli akwai ɗan masallaci da ƙaramin coci. Na yi Asuba ina karkarwa cikin bargon haya mai warin raƙumi. Da gari ya fara haske suka lulluɓa da mayafi mai tuntu, kowa ya naɗa baƙar igiyar fata a hannu, ya ɗora ɗan akwati kamar laya a goshi. Suka fuskanci Ƙudus, ni da na gama fuskantar Makka ina gefe ina hura hannu.

Na tambayi dattijon ko ya ji daɗin tsayuwa inda aka ba Annabi Musa Attaura. Ya yi dariya ya ce su al'adarsu ba ta riƙe takamaiman wurin ba, Kiristocin farko ne suka tsayar da wannan dutsen. Ni da na zo ina karanta “wa ɗuri sinina” a zuci, sai na rasa ta cewa.

Da muka sauko muka tarar da ƙofar gidan sufayen Sant Katrin a rufe, ginin da ke tsaye tun ƙarni na 6, zamanin Sarki Justiniyan. Ba sa karɓar baƙi ranar Lahadi. Da na bar mutanen nan sun huta a safiyar Juma'a na tambaye su, da an san yadda aka tsara. Bishiyar da ake cewa daga ita aka kira Annabi Musa tana bayan katangar, ba su gan ta ba, jirginsu kuma da yamma ne.

Yanzu duk wanda ya ce in haɗa masa irin wannan tafiya, kafin farashin mota sai na duba lokacin magaribar Juma'a, kuma ba na sake taɓa tsari ta waya ba tare da na kira babbansu ba. Tocilar da na saya wa kowa ranar, guda goma sha ɗaya, shida na nan a akwatina.