Aikin rauta da baƙin da suka ƙi tafiya

Mutane da yawa a nan yankin Gumel sun san ni da haɗa sola da ɗaura eriya, amma aikin da ya fi kawo min masu gida a ɓoye ƴan shekarun nan, irin wanda mutum zai jira sai shago ya watse sannan ya matso kusa ya yi ƙasa da murya, shi ne maganar waifai ɗin gida da baƙin da suka zo suka share wuri suka zauna. Tun da kuɗin data ya tashi a farkon 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari, kowa ya fara lissafin waye ke shanye masa data. Masu Starlink kuma, intanet ɗin nan ta tauraron ɗan'adam wadda ta shigo Najeriya a 2023, su ba ƙarewar data ke damunsu ba, taron ƙarti ne a zaure har ƙarfe biyun dare.

Wani Alhaji mai harkar shanu a kasuwar Maigatari shi ya fi tsaya min a rai. Ƴaƴan yayansa biyu suka zo biki daga birni da wani abokinsu, biki ya watse, amarya ta tare, har an fara maganar laulayi su suna nan. Abinci sau uku, caji kyauta a solar da na haɗa masa, sai kallon ƙwallo da TikTok dare da rana. Yace min "injiniya, ka san baƙo raɓa ne, to waɗannan nawa rana ta fito sun ƙi bushewa, kuma ni bazan iya buɗe baki in kori jinin yayana ba, ka kashe musu abin nan kawai." Nace Alhaji ranka ya daɗe kashewa ai ba wuya, amma bari in faɗa maka yadda zata kaya idan aka yi ta da ka.

Abinda yaran nan masu kiran kansu injiniya suke yi, waɗanda suka kalli bidiyo biyu suka sayi sukundireba, shi ne su canza faswod su karɓi kuɗi su tafi. Kafin la'asar baƙon ya koma kai. Dalili kuwa tun daga Android 10 da ta fito a 2019 duk wayar da ke kan waifai zata iya nuna lambar QR, wani ya ɗauka da kyamara ya hau ba tare da ya ji faswod ɗin ba, wasu wayoyin ma a ƙasan hoton suke rubuta shi ƙuru-ƙuru. To gidan da akwai autan Hajiya ɗan shekara goma sha biyu mai riƙe wayar uwarsa, alawar naira ɗari ta isa. Wanda ya ɗan fi su wayo sai ya shiga saitin rauta, wato na'urar da ke raba waifai a gida, ya toshe wayar baƙon ta lambar MAC, wato lambar nan mai harufa da alƙaluma 12 da kowace na'ura ke nunawa in zata hau. Wannan ma ya tsufa. Wayoyin yanzu, Android daga ta 10 da iPhone daga iOS 14 ta 2020, lambar bogi suke nunawa, saiti ɗaya yaro zai taɓa lambar ta canza, rauta ta ɗauka sabuwar waya ce ta buɗe masa ƙofa. Sai mai gida ya dawo yana cewa duk masu aikin nan ɓarayi ne, har da mu da muka ci baƙar wuya kafin muka iya.

Ni a Farm Centre na Kano na koyi aiki, wajen wani maigida mai zafin tsiya, Allah Ya saka masa da alheri. Farkon zuwana ko waya bai bari na buɗe ba, shara da sayo abinci da kwance tsofaffin caja kawai. Ranar da ya fara sa ni gaban kwamfuta ya jona rauta yace in rubuta 192.168.0.1, adireshin shiga saitinta, shafi ya buɗe, yace rubuta admin sama admin ƙasa, wallahi ji nayi kamar an bani makullin gari. Sai ya ranƙwashe ni yace "kai yaro, abinda ka shiga da shi yanzu kowa ma zai shiga da shi, duk wanda ya bar wannan a gidan mutane bai gama aiki ba." Har yau shi nake fara canzawa kafin komai, don faswod ɗin waifai daban, na shiga cikin rautar daban, kuma mafi yawan gidajen da nake shiga na biyun yana nan yadda ya fito daga kwali. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, wasu kuma 192.168.1.1, samarin birni duk sun haddace.

A gidan Alhaji ga yadda nayi. Rautar tana zaure a kan taga, na ɗauke ta na kai ɗakinsa na sa cikin akwatin katako mai kwaɗo da ramukan shan iska, saboda akwai ɗan rami a bayan yawancin rauta, in aka zura tsinke aka danne daƙiƙa goma komai ya goge ta koma faswod ɗin da ke rubuce a takardar gindinta. Duk ƙwarewarka in hannun yaro zai kai wajen, aikin banza kayi. Katako nace ba ƙarfe ba, ƙarfe na tare sigina, kuma dama katangar laka mai kaurin nan ta gidajenmu tana cinye siginar 5GHz, wato layin waifai mai saurin gudu, tun kafin ya tsallaka tsakar gida, shi yasa ɓangaren mata a ɗaya layin na 2.4GHz nake barinsu, ya fi ratsa bango. Na kashe WPS, wato hanyar nan ta danna maɓalli a hau waifai ba tare da faswod ba. Na canza sunan waifai ɗin tukuna, sannan na bi wayoyin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya na rubuta lambobinsu na ce wa rautar waɗannan kaɗai zaki bari, maimakon a ce mata wane zata hana. A kula da jerin nan, suna ake fara canzawa, in ka yi rajista sannan ka canza suna wayoyin zasu fito da sabbin lambobi ka kulle Hajiya da kanta a waje, kuma ba ka son kiran Hajiya da sassafe.

Baƙin kuma ban rufe su ɗif ba, a nan ne ma muka ɗan ja da Alhaji. Na buɗe musu layin baƙi daban na ɗaure gudunsa a rabin megabit, saƙon WhatsApp zai shiga, kiran murya zai yi, amma ƙwallo sai dai su yi ta kallon abin nan yana juyawa, ƙarfe goma na dare kuma ya ɗauke sai safiya. Bidiyo mai kyan gani yana cin kusan gig ɗaya a awa, ka lissafa mutum uku. Nace masa in ka yanke gaba ɗaya sun san da gayya akayi, labari zai kai wa yayanka kafin magariba cewa ka hana ƴaƴansa ko gaisawa da uwarsu, amma wannan ba wanda zai ce an wulaƙanta shi. Ya so in je zaure in ce musu sabis ne ya lalace, nace a'a Alhaji, ni dai in sun tambaye ni zan ce mai gida ne ya sa aka tsara, gidanka ne datarka ce, ko a addini ma haƙƙin baƙo na liyafa kwana uku ne, abinda ya biyo baya sadaka ce.

Ba kowace rauta ke iya wannan ba fa. Ƙaramar mifi ta aljihu yawanci bata da ɗaure gudu, sai an ƙara rautar TP-Link a bayanta, gidan da ke da yawa kuma ko mai son sayar wa maƙwabta sai MikroTik, ta ƙasar Latbiya, wadda ke fitar da tikiti na awa ko na kwana. Nan ne masu kawo mana kaya ke ƙona min rai. Ka tura kuɗin sabuwa, direba ya kawo kwali a naɗe da leda, ka buɗe ka tarar da sunan waifai ɗin wani otal a ciki, caja kuma ba tata ba, 9 volt a maimakon 12, ta yi ta mutuwa tana tashi a zafin watan Afrilu mai gida yana zaginka. Yanzu duk wadda ta zo sai ta kwana a kunne a shagona kafin in kai ta gidan kowa.

Akwai kuma aikin da bana karɓa ko nawa ne. Wata ta aiko ƙaninta wai in cire wayar kishiyarta daga rautar da mijinsu ya saya musu su biyu, nace ya gaishe ta. Haka mai son in nuna masa abinda baƙonsa ko matarsa ke kallo, ba ruwana da leƙen asirin mutane. Ɗan haya da ya biya kuɗin ɗaki har da waifai shi ma ba baƙo bane, a je a sasanta wajen mai unguwa.

Na gidan Alhaji dai abokin nan shi ya fara tattara jakarsa, sai ƙaramin ya bi shi. Babban ko gezau, ya sayi data a layinsa ya ci gaba da kwanciya, sai da Alhaji ya daure ya aika wa yayansa ta bakin ƙanwarsu, uban ya kira shi yace ya dawo akwai aiki a gona. Da na je karɓar cikon kuɗina Alhaji cewa yayi "haba injiniya, danne-danne fa kawai kayi, ko ƙusa ɗaya baka buga ba, kuma ɗayan ai ba kai ka kore shi ba." Sai da muka sha shayi muka yi ta ja kafin ya cika, ya ɗora min da zabuwa ɗaya. Mai irin wannan matsalar in zai zo shago ya ɗauko hoton takardar da ke gindin rautarsa, ya kuma ƙirgo wayoyin mutanen gida har da ta yara da talabijin in tana hawa, daga nan zan faɗa masa ko tasa zata iya ko sai an ƙara wata.