Akwatin ajiya mai hawa-hawa daga Aboabo

A shagonmu na Aboabo, nan Kumasi, akwatunan ajiyar bayanan kwamfuta muke haɗawa, irin waɗanda ake ɗora ɗaya bisa ɗaya kamar jeren kwanukan amarya. Kowane akwati faifan ajiya huɗu yake ci, masu inci 3.5. Na ƙasa shi ne mai ƙwaƙwalwa, shi ake jonawa da kwamfutocin ofis. Na samansa kuwa faifai ne zalla da fanka da wutarsu. Mai ɗaukar bidiyon biki sai ya fara da hawa ɗaya, in Allah ya buɗa masa ya dawo mu ɗora na biyu, na farkon na nan bai ɓata ba. Masu kamarar tsaro da ƙananan asibitoci ma haka suke yi. Wanda ke da kabad ɗin ƙarfe irin na manyan ofisoshi, sai mu yanka masa a faɗin inci 19 ya shige daidai.

Gyaran kwamfuta a Adum, tsakiyar kasuwancin Kumasi, na koya, amma lanƙwasa ƙarfe a wurin kawuna na gani, a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera. Abin da ya haɗa mini biyun shi ne zanen da kamfanin Backblaze na Amurka ya saki kyauta a 2009, akwati ɗaya mai cin faifai 45. Na bugo shi a takarda na kai wa Kawu. Ya daɗe yana juya takardar, sannan ya ce, "Ɗana, wa zai sayi wannan jibgegen abu a Zango? Yanka shi ƙanana." Daga nan sana'ar ta samo asali.

Shi ne kuma ya koya mini ɗora tafin hannu a kan akwati yana aiki. Faifai na juyawa sau 7,200 a minti ɗaya. In ka jera huɗu a cikin ƙarfe mara kauri, rawar wannan tana shiga wancan, allurar karatu ta riƙa kuskure gurbinta, aiki ya yi nauyi, kwanan faifai ya ragu. Shi ya sa kowane tiren faifai namu yana zaune a kan roba, ƙafafun akwatin sama kuma suna faɗawa cikin ramukan da muka yi musu a murfin na ƙasa. Ka tura da hannu, ba ya gocewa. A baya fanka ce babba mai milimita 120, tana jan iska a hankali ba ƙugi, a gaba kuma raga ce da ake zarewa a wanke, don ƙurar hunturu ba ta da mutunci.

Masu kwaikwayonmu fenti kawai suka iya. Ƙarfe sirit kamar ya lotsa a hannu, 'yar fanka mai ihu, sannan su cusa tsofaffin faifai. Wannan shi ke ci mini rai. Dillali zai kawo maka faifai a leda, da sabuwar takarda a manne, yana rantsuwa bai taɓa shan wuta ba. Ka jona shi, ka buɗe lissafin SMART da faifan ke rubuta wa kansa, ka ga ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa. Wasu ma har lissafin suke gogewa. Don haka duk faifan da ya shigo shagon nan sai mun cika shi da rubutu daga farko har ƙarshe mun sake karantawa kafin ya shiga akwatin wani.

Ga kuma masu ciniki. "Malam, na biya kuɗin faifai huɗu, ya nake ganin wurin uku?" Sai in ce, "Alhaji, tsarin RAID 5 ke nan. Wurin ɗaya na tsaro ne. Ranar da faifai guda ya mutu, za mu zare shi akwatin na kunne, mu sa sabo, ba abin da zai ɓata." Ya gyaɗa kai, sai kuma ya ce a cire batirin UPS, mai riƙe akwatin a kunne in an ɗauke wuta, daga lissafi, wai ya yi tsada. A garin da aka san dumso, wato yawan ɗauke wuta! Wannan kam ba na ragi a kansa, in ba da batiri ba akwatina ba ya fita daga shago.